Sikila da sauro: lissafin da ya hana cutar gado ƙarewa

Idan aka bi lissafi kai tsaye, bai kamata a ce har yau ana fama da sikila a Najeriya ba. Kafin zuwan asibiti da ƙarin jini da magungunan kashe ƙwayoyin cuta, yawancin yaran da aka haifa da SS ba sa kaiwa shekara biyar, balle su yi aure su haihu. Duk yaron da ya rasu ya tafi da kwafi biyu na abin da ke haddasa cutar. Abin da ake kwashewa daga cikin jama'a haka, haihuwa bayan haihuwa, har tsawon dubban shekaru, ya kamata a ce ya ƙare ko ya zama sai an tona. Amma ga shi kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar AS ne, kuma ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu cutar duk shekara, adadin da babu ƙasar da ta kai shi. Ruwa ba ya tsami banza. Akwai abin da ke cike gurbin da mutuwa ke bari, kuma wanda ya gano shi ya fahimci kusan dukkan ginshiƙan ilimin juyin halitta.

Sai a fara da gadon kansa. A cikin ƙwayoyin jikin mutum akwai DNA, dogon rubutu mai haruffa iri huɗu kacal, A, C, G da T, wanda tsawonsa ya kai haruffa kusan biliyan 3. Ƙwayar gado wani yanki ne na wannan rubutu da ke ɗauke da umarnin ƙera abu guda. Wadda ta shafe mu tana kan kuromosom na 11, ɗaya daga cikin ƙunshe-ƙunshen da DNA ke naɗe a ciki, kuma ita ke ba da umarnin ƙera wani sashe na hemogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jajayen ƙwayoyin jini. Kowa yana da kwafi biyu nata, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. A nau'in da aka fi sani, wato A, akwai wurin da aka rubuta GAG. A nau'in S wurin ya koma GTG. Harafi ɗaya ke nan. Sakamakonsa shi ne tubali na shida a jerin sinadarin ya canza daga gulutamik asid zuwa balin, abin da Vernon Ingram ya gano a Kambirij ta Ingila a tsakanin 1956 da 1957. Hemogulobin mai wannan canji, da zarar oksijin ya yi ƙaranci, sai ya manne da juna ya yi dogayen sanduna, ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Lafiyayyar ƙwayar jini tana yin kwana 120 tana aiki. Mai lanƙwasa ba ta wuce kwana 10 zuwa 20. Daga nan ciwon ƙashi da ƙarancin jini suke.

Yadda kwafin ke rabuwa tsakanin 'ya'ya kuwa, Gregor Mendel ya bayyana shi tun 1866 da gwajin da ya yi a kan wake. Kowane mahaifi yana miƙa ɗaya daga cikin kwafinsa biyu, kuma ba shi da ikon zaɓa. AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na zama SS, kashi 50 na AS, kashi 25 na AA. Inda ake yawan yin kuskure shi ne a ɗauka cewa cikin 'ya'ya huɗu dole ɗaya ne zai zama SS. Kowane ciki ƙuri'arsa daban, ba ruwansa da wanda ya gabace shi. Yiwuwar a haifi huɗu a jere babu SS ko ɗaya ita ce 0.75 sau kanta har huɗu, wato kusan kashi 32 cikin 100. Shi ya sa ba a rasa gidan da za a nuna a ce ai su wane AS da AS ne kuma 'ya'yansu lafiya lau. Gaskiya ne, kuma bai rushe komai ba: gida ɗaya cikin uku haka zai kasance, sauran biyun ne ke zaryar asibiti.

Da an ambaci juyin halitta, muhawara takan zarce zuwa biri da asalin ɗan Adam, a tashi baram-baram. Masu nazarin gadon al'umma sun fi damuwa da abin da za a iya ƙirgawa. A wurinsu juyin halitta shi ne canjin yawan wani nau'in ƙwayar gado a cikin jama'a daga tsara zuwa tsara. Mutum ɗaya ba ya juyawa, da abin da aka haife shi da shi zai mutu. Jama'a ce ke juyawa. A ɗauki mutum 1,000, suna da kwafi 2,000. Idan 280 daga ciki S ne, yawan S ya zama kashi 14 cikin 100. Idan bayan shekara ɗari aka sake ƙirgawa aka samu kashi 11, an samu juyi. Idan yana nan a 14, sai a tambayi abin da ya riƙe shi.

A 1908 wani masanin lissafi na Ingila, G. H. Hardy, da wani likita Bajamushe, Wilhelm Weinberg, kowa a nasa ɓangaren, suka fito da ma'aunin da ake amfani da shi har gobe. Sun nuna cewa idan jama'a na da yawa, ana aure ba tare da la'akari da wannan ƙwayar gado ba, babu ƙaura, babu sabon canji a rubutun, kuma babu nau'in da ya fi wani rayuwa, to yawan kowane nau'i ba zai motsa ba ko da ƙarni nawa za a yi. Sannan ana iya hasashen rabon jarirai: a kira yawan A da p, yawan S da q, to AA zai zama p sau p, SS ya zama q sau q, AS kuma 2 sau p sau q. Babu al'ummar da ta cika waɗannan sharuɗɗa duka, kuma amfanin ma'aunin ke nan. Inda ƙidaya ta saɓa masa, nan ake haƙa.

An yi irin wannan ƙidaya a ƙasar Hausa. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun gudanar da wani babban binciken zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Garki, a tsohuwar jihar Kano, yanzu cikin Jigawa. Alan Fleming, masanin cututtukan jini da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da abokan aikinsa sun auna hemogulobin ɗin mutanen yankin suka buga sakamakon a 1979. A cikin jarirai sabbin haihuwa, kashi 24 cikin 100 AS ne, kimanin kashi 2 kuma SS. A gwada da ma'aunin: yawan S ya kama kusan 0.14, q sau q ya ba da kashi 2, sannan 2 sau p sau q ya ba da kashi 24. Ya zauna daram. Amma a cikin waɗanda suka haura shekara biyar, AS sun kai kashi 29, SS kuwa sun kusa ɓacewa. Jinin mutum ba ya canzawa daga AA zuwa AS don ya girma. Hanya ɗaya ce kason AS zai ƙaru har haka: yaran AA suna mutuwa fiye da yaran AS.

Wannan shi ne zaɓin yanayi, wanda Charles Darwin da Alfred Russel Wallace suka gabatar a 1858, Darwin ya faɗaɗa shi a littafinsa na 1859. Sharuɗɗansa uku ne: a samu bambanci tsakanin 'yan jinsi ɗaya, bambancin ya zama ana gadonsa, kuma ya shafi yawan 'ya'yan da mutum zai bari a bayansa. Manomin da ke ware manyan zangarniyoyin gero don irin baɗi yana yin haka da gangan, shi ya sa gonarsa ke canzawa a hankali. A zaɓin yanayi babu mai warewa da hannu. Cuta da yunwa da fari su ke rage wasu su bar wasu. Darwin bai san yadda gado ke aiki ba. Sai a shekarun 1920 da 1930 R. A. Fisher da J. B. S. Haldane da Sewall Wright suka haɗa ra'ayinsa da dokokin Mendel ta hanyar lissafi. Haldane ne a 1949 ya fara zargin cewa maleriya na da hannu a yawaitar wata cutar jini ta gado a ƙasashen Bahar Rum, sannan a 1954 Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, ya nuna cewa a gabashin Afirka S ya fi yawa a inda maleriya ta fi tsanani, kuma yaran AS ba su cika ɗaukar ƙwayar cutar da yawa a jininsu ba.

Ga yadda lissafin ke rufe kansa. A ce yawan S kashi 14.5 ne. Cikin jarirai 1,000 za a samu AA 731, AS 248, SS 21. A ce a yanayi irin na da, babu SS ɗin da ya kai ga haihuwa, kuma duk inda AS 100 suka rayu, AA 83 ne ke rayuwa. Idan aka ɗauki AS a matsayin ma'auni, waɗanda za su girma su ne AA 607 da AS 248, jimla 855. Kason AS a cikinsu ya zama kashi 29, daidai da abin da aka gani a Garki. Yanzu a ƙirga kwafi: mutum 855 suna da 1,710, kuma 248 daga ciki S ne. Kashi 14.5 ke nan, inda aka faro. An yi asarar S 42 ta hanyar yaran SS, amma an yi asarar A 248 ta hanyar yaran AA da zazzaɓi ya ɗauka, kuma asarar biyu ta yi daidai da rabon kowanne. Idan S ya ƙaru fiye da haka, auren AS da AS zai yawaita, SS su yawaita, ya sauko. Idan ya ragu, fifikon AS ya sake ɗaga shi. Shi ya sa a wuraren da maleriya ta yi katutu kason masu AS ke tsayawa galibi tsakanin kashi 20 da 30, ba ya cinye jama'a, ba ya kuma ƙarewa.

Akwai gyara biyu da ya kamata a yi a nan, domin jahiltarsu na kashe mutane. Na farko, AS ba rigakafin maleriya ba ne. Sauro na cizonsa, ƙwayar cutar na shiga jininsa, yana kwanciya zazzaɓi. Abin da bincike a Gambiya da Kenya ya nuna shi ne haɗarin maleriya mai tsanani, irin mai taɓa ƙwaƙwalwa ko mai shanye jini, yana raguwa da kusan kashi 90 cikin 100 ga yaran AS. Dalilan sun haɗa da cewa ƙwayar jinin da cutar ta shiga takan lanƙwashe, saifa ta tsince ta da wuri, kuma ba ta manne wa bangon jijiya sosai. Na biyu, mai SS bai samu kariya ninki biyu ba. Maleriya na cikin manyan abubuwan da ke tayar masa da ciwo kuma su halaka shi, don haka ya fi kowa bukatar gidan sauro da maganin kariya.

Haka kuma ba sauro ne ya haifar da S ba, jiki kuma bai ƙirƙiro shi don ya kare kansa ba. Kuskuren kwafi ne, irin wanda ke faruwa a kowace haihuwa: kowane jariri na zuwa da sabbin canje-canjen haruffa kimanin 60 zuwa 70 da babu su a jikin iyayensa, yawancinsu ba sa cutarwa ba sa amfanarwa. Wani nazari na 2018 da Daniel Shriner da Charles Rotimi suka yi ya ƙiyasta cewa S ya faru ne sau ɗaya, kimanin shekara 7,300 da suka wuce, ko da yake wasu masanan na ganin ya girmi haka. Da a ƙasar da babu maleriya ya faru, da tuni ya ɓace. Canji na zuwa ne da ka. Muhalli ke yanke hukuncin ko zai yaɗu. Kuma maleriya ta bar irin wannan tabo fiye da ɗaya. Nau'in C, wanda ya fi yawa a Burkina Faso da arewacin Gana, canji ne a wannan tubali na shida ɗin dai, sai dai zuwa wani sinadari daban, kuma shi ma yana rage tsananin cutar. Kusan duk mutanen Afirka ta Yamma ba su da wata ƙofa a jikin ƙwayar jininsu da ake kira Duffy, wadda wani nau'in maleriya mai suna bibaks ke bi ya shiga, shi ya sa nau'in ya yi ƙaranci a yankin.

Ba zaɓi kaɗai ke motsa lissafin ba. Ƙaura da auratayya na yi: baƙaƙen fatar Amurka, waɗanda aka kwashi kakanninsu daga yammaci da tsakiyar Afirka, kusan ɗaya cikin 13 ne ke da AS a yau, saboda cuɗanya da wasu jinsuna da kuma rashin maleriyar da za ta riƙe shi. Katari ma na yi, musamman a ƙaramar al'umma. A tsibirin Pingelap na tekun Fasifik guguwa ta hallaka mutane wajen 1775, kimanin 20 suka tsira, kuma aka yi dace ɗaya daga cikinsu na ɗauke da ƙwayar gadon cikakkiyar makantar launi. Yau cutar, wadda da wuya a gan ta a wani wuri, ta zama ruwan dare a tsibirin, ba don tana da wani amfani ba.

Auren zumunta kuwa ba ya canza yawan nau'in ƙwayar gado, yana ƙara yiwuwar kwafi biyu iri ɗaya su haɗu ne. Ga 'ya'yan ɗan wa da 'yar ƙani, yiwuwar su gaji kwafi guda na kaka ɗaya ta ɓangarori biyu ita ce 1 cikin 16. A sikila tasirin bai kai yadda ake zato ba: haɗarin SS na tashi daga kusan kashi 2 zuwa kusan kashi 3, domin S ya riga ya cika gari, bare ma na iya ɗauke da shi. Inda auren zumunta ke da nauyi shi ne cututtukan da ba a saba gani ba. Nau'in da yawansa 1 cikin 200 ne, a auren bare yaro 1 cikin 40,000 zai samu kwafi biyu. A auren 'yan wa da ƙani ya koma kusan 1 cikin 3,000, ninki goma sha uku.

A jikin mutum wannan juyi na tafiya a hankali saboda tsara ɗaya na cin shekara 25 ko fiye. A jikin ƙwayar maleriya, wadda ke ninkuwa duk awa 48 kuma ta kai biliyoyi a jikin mara lafiya ɗaya, ana ganinsa da ido. Kulorokwin ya yi shekaru yana aiki kamar yankan wuƙa. A ƙarshen shekarun 1950 aka samu ƙwayoyin da ke jure masa a kudu maso gabashin Asiya da Kolombiya, a 1978 suka bayyana a gabashin Afirka, suka bazu har Najeriya ta sauya zuwa magungunan haɗi masu atemisinin a 2005. Maganin bai koya wa ƙwayar juriya ba. Ya kashe marasa juriya ne ya bar wa masu ita fili. Malawi ta daina amfani da kulorokwin a 1993, kuma kason ƙwayoyin da ke da canjin juriyar ya faɗo daga kashi 85 a 1992 zuwa kashi 13 a 2000, domin idan babu maganin, canjin kaya ne kawai a kansu. Rabin magani, jabun magani, da shan magani ba gwaji duk suna samar da yanayin da mai ɗan juriya ke tsira. An riga an tabbatar da ƙwayoyin da suka fara jure wa atemisinin a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya.

Wannan lissafi na da abin faɗa game da gwajin jini kafin aure, wanda jihar Kano ta mayar doka a 2024. Gwajin na hana haihuwar SS, kuma wannan kaɗai ya isa dalili. Amma masu cewa zai kawar da sikila daga cikin al'umma sun yi wa lissafin gaggawa. A ce duk AS ya auri AA. Idan AS kashi 29 ne na manya, aure 58 cikin 100 zai ƙunshi AS ɗaya, rabin 'ya'yansu AS, kason ya dawo 29. Ba a rage komai ba, an ma toshe hanya ɗaya tilo da S ke fita, wato mutuwar yaran SS. Ko da an kawar da maleriya gaba ɗaya, kuma a ce babu SS ɗin da ke haihuwa, sai an yi tsara bakwai, kusan shekara 175, kafin yawan S ya ragu da rabi, sannan tsara 93 kafin ya sauka zuwa kashi 1, domin yana ƙara ƙaranci yana ƙara ɓuya a jikin masu AS lafiyayyu. Ma'ana gwajin ba kamfen ba ne na shekara goma, abu ne da jikoki da tattaɓa-kunne za su ci gaba da yi. Kuma babu hujjar ƙyamar mai AS a wajen neman aure: a kan kowane AS 29 akwai AA 71.

Gwajin kansa yana da ramuka. Gwajin lanƙwasa da na narkewa, masu arha da ake yi a ƙananan ɗakunan gwaji, suna nuna akwai S ne kawai. Ba sa bambance AS da SS, kuma ba sa ganin C sam. Mai AC zai iya fitowa da takardar da ke nuna ba shi da sikila, ya auri AS, kashi 25 na kowane ciki ya zama SC, wadda ita ma cutar sikila ce, mai taɓa ido da ƙashin ƙugu. Abin da ake bukata shi ne gwajin da ke rarrabe nau'o'in hemogulobin da lantarki, ko na'urar HPLC, tare da samfurin A, S da C da aka riga aka sani a gefe don kwatantawa. Wanda aka yi wa ƙarin jini ya jira aƙalla wata uku, in ba haka ba jinin wanda ya ba shi ne za a karanta, SS ya fito a matsayin AS. Jariri ɗan ƙasa da wata shida jininsa cike yake da hemogulobin na cikin ciki, don haka gwajin manya na iya ruɗewa a kansa, sai da na'urar da aka tanada don jarirai. Rukunin jini na A, B da O kuma wani abu ne daban, a kan wata kuromosom daban. Mai rukunin O zai iya zama AA ko AS ko SS. Idan sakamako biyu suka saɓa, a yi na uku a asibitin koyarwa kafin a sa rana.